Jan Layin Isuhu Mai Tukunya

Shekara tara ke nan da muka rasa yayana Isuhu, wanda direbobin hanyoyin rairayi tsakanin Tasawa da Mayahi suka fi sani da Isuhu Mai Tukunya. Ba maginin tukwane ba ne, bakanike ne, kuma yanzu za ku ji inda sunan ya samo asali. Ni ce Dije, ƙanwarsa mai bi masa. Na koyar da yara a lekol, wato makarantar boko, har na ajiye alli, kuma tun muna ƙanana ni ce matsoraciyar gidanmu. Duk shekara in lokacin nan ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai hannuna ya ƙi. Bana dai na rubuta, domin abin da ya same mu watan jiya a wani ƙauye kusa da Issawane bai bar ni na yi barci mai daɗi ba har yau.

Tsofaffin motoci masu shan gazuwal, wato man dizal, irin kat-kat ɗin nan da ake loda wa mutane da buhuna da awaki ranar kasuwa, suna da wani gwangwani a gefen inji, girmansa kamar tukunyar miyar babban gida. Waɗanda suka yi karatun aikin suna ce masa filtir. Isuhu tukunya yake ce masa, kowa kuma ya bi shi. Aikinta tace iskar da inji ke shaƙa. A gindinta akwai ɗan kwano da ake zuba wa man inji, a samansa akwai curin waya. Iska ta shigo da rairayinta ta bugi man, rairayin ya maƙale, ita kuma ta wuce da tsabtarta. A ƙasarmu motar da ba ta da wannan tukunya ba ta daɗewa, rairayi ke cinye mata ciki. An kuma daɗe da daina kawo irinsu, na yanzu na takarda ne da ake yarwa in sun toshe.

To farautar waɗannan tukwane ita ce rayuwar Isuhu. In ya shiga ƙauye, mutane na kallon fuskarsa suna gaishe shi, shi kuwa idonsa na gindin danga da bayan rumbu. Ya taɓa samun wata kaji na shan ruwa a cikinta. Wata kuma a rugar Fulani ya tsince ta, wajen garin Alasan Mairairai, an huhhuda ta an mayar da ita murhun shayi, sai da ya koma da sabon murhu na waya aka yi musaya cikin raha. Ba kowace tukunya ke shiga kowace mota ba, kuma shi bai taɓa yarda da cewa ai duk ɗaya ne ba. Zai zura hannu a wuyanta ya ji faɗinsa, ya duba yadda maƙallanta suke kamawa, ya shafa toka a kan tsatsa har alamar da aka buga a jikin ƙarfen ta fito. Daga nan sai ka ji ya ce wannan ta wance ce, ya ambaci wata mota da ta mutu tun ina budurwa, har da sunan mai ita da ƙauyen da ta kwanta.

Gyaran ma ba ya yi masa gaggawa. Ya kankare tsatsa, ya like hudoji da dalma, ya yanko sabuwar roba daga tsohon tif ɗin taya ya zagaye bakin. Curin wayar da gazuwal yake wanke shi, ya shanya a rana, kuma in ya ga wani ya nufo shi da esansi, wato fetur, sai ya kore shi daga garejin kamar ya ga mai ɗauke da wuta. Amma abu biyu ne suka bambanta aikinsa da na kowa. A cikin kwanon man yakan ja layi da jan fenti mai kauri, kuma layin yana can ƙasa, ƙasa ƙwarai, yadda duk mai ido zai ce man ya yi kaɗan. Sannan duk motar da ta fita daga hannunsa, sai ya ɗaura mata murfin kwanon abinci da waya a ƙarƙashin kapo, wato marfin injin mota, kusa da bakin tukunyar. Direbobi sun sha yi masa tsiya, wai ko injin ma zai ci tuwo ne. Yakan yi murmushi ya ci gaba da murɗa wayarsa. Ni na san dalili, domin ina cikin motar ranar da abin ya faru.

Sai na fara da wata al'adarmu, ko da yake masu karatu na gida sun san ta. A da, in baƙo ya sauka da doki ko raƙumi, mai gida ba ya tambaya, kuma ba ya faɗa. Baƙo na ciki yana cin abinci, shi yana waje yana ba dabbar ruwa da harawa. In ka tambayi baƙo ko dokinsa na jin yunwa, ka nuna ya gaza ke nan. In kuma baƙo ya fito yana duba abin da ka ba dabbarsa, ya zage ka. Da motoci suka zo, al'adar ba ta mutu ba, sai ta koma kansu. Za ka fito ka tarar an goge maka gilashi, an ƙara ruwa, in da hali an ƙara mai, kuma ba wanda zai ce maka uffan.

Wata shekara bayan kaka muka je biki gidan kawunmu Ɗanjuma a wani ƙauye gaba da Urafane, a cikin kat-kat ɗin Isuhu. Kawu ya taɓa ganin Isuhu yana buɗe tukunyar, ya ga ɗan man da ke kwance a gindinta, sai tausayi ya kama shi. A tunaninsa ɗan 'yar'uwarsa ba shi da halin cika ta ne, kunya ta hana shi faɗa. Mutum ne da ko hatsi zai auna maka sai tiya ta yi tozo. Muna ciki ana ta guɗa, shi kuwa ya samo man inji ya cika kwanon har baki, ya mayar da maƙallan, ya wanke hannunsa ya dawo cikin mutane.

Bayan la'asar muka taso. Bayan motar cike yake da mata da yara, ni ina gaba da kwanon fura a cinyata. Muna fara hawan tudun rairayin da ke bayan gari motar ta karkata, sai ƙarar injin ta canja. Da farko na zaci Isuhu ne ya taka don mu haye, sai na ga ƙafarsa ba ta kan komai. Ƙarar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ta zama wani irin ihu da ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba. Ya cire giya, ya taka birki, ya murɗa makulli ya zare shi. Ina ganin makullin nan a hannunsa da idona, injin kuwa sai ƙara haukacewa yake yi. A nan na san mun shiga uku, domin duk abin da na sani game da mota shi ne in an zare makulli tana mutuwa.

Farin hayaƙi ya rufe mu har ba na ganin kan tudun. Mata suka yi ta dirowa suna salati, wasu na cewa iskoki ne suka shiga motar, wata ta cilla goyonta ga wani manomi da ba ta taɓa gani ba. Tsofaffi biyu sun kasa sauka. Ƙofar gefena kuwa da igiya ake ɗaure ta ta waje, na yi ta ja ta ƙi. Motar duka tana rawa, haƙorana na haɗuwa. Daga baya ne Isuhu ya gaya mini cewa injin ya daina shan gazuwal, man tukunyar yake zuƙa yana ƙonawa, shi ya sa makulli ba ya da iko da shi, kuma da an ƙara jimawa kaɗan da ya tarwatse ya watso mana ƙarafa ko ya kama da wuta. Hanya ɗaya ce ta kashe shi, a toshe masa numfashi.

Kowa na gudu daga motar, Isuhu ya nufi gabanta. Ya ɗaga kapo, ya fizge hular ƙarfen da ke rufe bakin tukunyar, ya kifa tafin hannunsa a bakin. Na ga yadda bakin nan ya zuƙe hannun, na ga fuskarsa ta murɗe, amma iska na ci gaba da shiga ta tsakanin yatsunsa.

"Dije! Murhin! Miƙo murhin kwano!"

Ban san yadda aka yi na fita ta taga ba, ni da ko katangar gidanmu ban taɓa hawa ba. Furar ta kife a jikina, na miƙa masa murfin. Ya fincike hannunsa da jini, ya ninka hularsa ya ɗora, ya danna murfin a kai da ƙirjinsa. Murfin ya lotsa ciki. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya girgiza, sannan ya yi shiru. Sai a lokacin na ji kukan yara.

Tun ranar tafin hannunsa na dama ya samu tabo zagayayye, yatsunsa biyu kuma ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Tun ranar ya fara jan layi da ɗaura murfi. Ni kuma tun ranar ban ƙara shiga mota na yi hira ba, kunnena na kan inji daga tashi har sauka. Amma ga abin da nake jin haushin yayana da shi har gobe, Allah ya jiƙansa: bai taɓa gaya wa Kawu Ɗanjuma ba. Da ya buɗe kwanon ya ga abin da aka yi, ya gane ko wane ne, sai ya rufe ya ce wa mutane ciwon inji ne. Na ce masa, "Yaya, ka hwaɗa mishi mana." Ya ce, "In ce ma kawuna alherinshi ya kusa kashe mu? Da wane baki?" Kawu ya rasu bai sani ba. Isuhu ya ja layi a tukwane masu yawa, ya gargaɗi direbobi, amma masu masauki, waɗanda su ne ke zuba man, bai taɓa iya buɗe baki ya yi musu maganar ba. Shi ma haka ya tafi, bayan gajeriyar jinya da damina, ina riƙe da hannun nan mai tabo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Babura sun cinye rabin aikin kat-kat, matasan gareji da yawa ba su taɓa buɗe tukunyar mai ba. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne tukwanen nasa sun zama kayan ado. Bara wani mutum ya zo daga birni da hotuna a salula, wai yana tara tsofaffin motoci yana mayar da su yadda suka fito tun asali, ba don su ɗauki kowa ba, don a kalla. Ya sami Lawali, babban ɗan Isuhu, wanda ya gaji garejin da kat-kat ɗin. Mutumin ya san tukwane, ba zan ci masa haƙƙi ba, da Isuhu na nan da sun wuni suna musu cikin jin daɗi. Sai dai ya ce a kankare masa jan layin daga waɗanda ya ɗauka, wai ba da shi aka ƙera su ba. Da ya leƙa ƙarƙashin kapon Lawali ya ga murfin kwano na lilo, ya yi dariya har da ɗaukar hoto. Lawali mutum ne mai zuciya. Mutumin na tafiya ya kwance murfin ya mayar da shi madafa, ni kuwa ban sani ba.

Watan jiya matar Lawali, Zuwaira, ta gama wankan haihuwarta ta fari a gidan iyayenta kusa da Issawane. Namiji ta haifa, aka sa masa Isuhu, ni kuma nake ce masa maigidana. Ni aka wakilta in je in ɗauko su, Lawali ne direba tunda motarsa ce. Mahaifin Zuwaira, Malam Haruna, dattijo ne mai mutunci, manomi, yana da ɗan injin niƙa a ƙofar gida. Ya yanka mana akuya. Lawali kuwa tun da muka sauka yake raɓe-raɓe a bayan zaure, kansa a ƙasa, kamar yadda ya kamata ga suruki.

Da rana ta yi sanyi muka fito da kaya. An goge motar tas. Na ji daɗi, har na fara godiya a zuciyata, sai idona ya faɗa kan wani galan na man inji a jingine da tayar gaba, babu komai a ciki. Na dubi Malam Haruna, na ga baƙin mai a bakin hannun rigarsa, yana ta kallon wani wuri daban irin na wanda ya yi alheri ba ya so a gane.  Na dubi hanya, ga tudun rairayi nan daga fitar gari, babu wata hanyar sai ta kansa. Zuwaira ta riga ta shiga gaba da jaririn, a daidai kujerar da na zauna da kwanon fura.

Na matsa kusa da Lawali na yi ƙasa da murya. "Ka ga galan ɗin can?"

"Na gani, Gwaggo." Gumi ne a goshinsa. Ashe ya riga ni gani.

"To buɗe ka duba."

"Gaban Baba? Don Allah ki ruhwa mini asiri. Bari mu hita gari in tsaya in duba."

"Rakiya za su yi muna har kan tudu, kai ma ka sani. Murhin na nan?"

Ya kau da kai. Nan na gane babu shi. Ya shiga ya zauna, na ga hannunsa ya nufi makulli, yana fatan ko ruwa kawai aka ƙara, ko man wani wuri aka zuba. Fuskar ubansa sak, ranar da ya ce mini da wane baki. Yaron nan ya san abin da ka iya faruwa, ya ji labarin tun yana goye, amma ya gwammace ya hau tudu da matarsa da ɗansa da ya ɗaga kapo a gaban surukinsa. Kada ku ce wauta ce. Haka muka rene shi.

Ban yi wata jarumta ba, ƙafafuna ne suka kai ni gaban motar, na zauna a ƙasa dirshan, bayana jingine da ƙarfen gaba. Mutanen da suka fito rakiya suka zuba mini ido. Na ce, "Malam, ka gahwarce ni. Yau zan yi maka rashin kunya a ƙohwar gidanka. Mi ka zuba ma motar ga?"

Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta canja haka ba. Matarsa ta rufe baki da mayafi. Sannan ya ce, "Hajiya, ashe ana tambaya?"

"Ba a tambaya, Malam. Ni dai na tambaya."

Daga nan, ina zaune a ƙasa kamar mai zaman makoki, na ba shi labarin Urafane duka, a gaban kowa, har da sunan Kawu Ɗanjuma, abin da yayana ya ɓoye har kabarinsa. Na faɗi makullin da aka zare, na faɗi hannun, na faɗi murfin. Ina faɗa ina jin kamar ina tona wa matattu biyu asiri. Da na gama, Malam Haruna ya zo da kansa ya ɗaga kapo, ya ɓalle maƙallan, ya sauko da kwanon da hannu biyu a hankali don kada ya zube. Cike yake har baki. Ya tsiyaye shi a galan, ya yi ta tsiyayewa, sai can ƙasa jan layin ya bayyana, fentin Isuhu, bai ko dushe ba. Ya tsaya yana kallonsa, ya juya ya kalli jaririn ta gilashi, ya ajiye kwanon ya shige gida.

Na ce a raina shi ke nan, na ɓata zumuncin da ba ni na ƙulla ba. Lawali ya mayar da kwanon, idonsa jawur, bai dube ni ba. Muna shirin tashi sai ga matar Malam Haruna ta fito da murfin kwano a hannu, da sauran danshin miya a jikinsa. Ta miƙo mini ta taga ta ce, "In ji Malam. Na kwanonshi ne." Shi bai fito ba, kuma bai raka mu ba. Har yau in mun yi waya gaisuwarsa gajeriya ce, ban kuma san ko za ta ƙara tsawo ba.

Idan na auna abin da ya rage na Isuhu, ba shi da yawa a ido. Garejin ya ragu, tukwanen sun watse, wasu suna birni an kankare musu layi. Bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a wajen manya ba. Ya bar jan fenti a gindin wasu gwangwanaye, ya bar magana guda da ya kasa faɗa, wadda ta jira shekaru har ta faɗo a bakin matsoraciyar ƙanwarsa. Ya kuma bar mini tsoron nan. Na daɗe ina roƙon Allah ya cire mini shi, yanzu na daina, domin ranar nan duk masu ƙarfin zuciya a wurin shiru suka yi. Ku da kuke karɓar baƙi, ku ba su ruwa, ku ba su tuwo, ku goge musu gilashi in kuna so, amma ku bar musu tukunyarsu yadda kuka same ta. Allah ya haskaka kabarin Isuhu, ya haɗa shi da Kawu Ɗanjuma a inda babu abin da za su ɓoye wa juna.

Mun hau tudun ranar nan, murfin yana cinyata, na riƙe shi har yatsuna suka sage. Har Tasawa kunnena na kan inji, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ƙarar za ta canja. Da muka tsaya a ƙofar gida, Lawali ya daɗe da hannunsa a kan makulli. Sannan ya murɗa, motar ta mutu. A cikin shirun na ji Isuhu ƙarami yana atishawa. Lawali ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Gwaggo, kawo murhin. Bari in samo waya."